Dutsen Tsakar Gidanmu na Baiyun

Bayan mun ɗan kwana biyu a Guangzhou muka bar ɗakin bene da muke haya a Dengfeng, muka koma wani ƙaramin gida a gefen Baiyun, kusa da siton da maigidana yake haɗa kayan 'yan kasuwar Kano yana tura su ta jirgi. Ba ɗakunan ne suka ja ni ba. A bayan kicin akwai ɗan fili da katanga ta kewaye, samansa a buɗe. Rabona da tsakar gida tun barowata Kano, don haka da na leƙa na ga sararin sama sai na ce masa mun samu gida.

Sai dai ƙasan filin ba ya takuwa. Tsohon siminti ne da ya farfashe, rabinsa ya koma turɓaya, da an yi ruwa ya zama caɓi. Tsohuwar da ta ba mu haya ta ce mu yi duk gyaran da muke so.

"Gobe in kira masu aiki su zuba siminti a wuce wurin," in ji maigida.

Na ce, "A'a, Alhaji. Abin da za a yi sau ɗaya, a yi shi da kyau. Ka bar ni in zaɓa."

Ya bar ni. Ina da ƙawa, mutuniyar Kumasi ce, tana sarin kayan gini tana aikawa gida, ita ta riƙa raka ni kasuwannin Foshan. Ranar farko idona ya faɗa kan wani farin tayil mai sheƙi kamar madubi. Ƙawar tawa ta buɗe gorar ruwanta ta tsiyaya a kai, ta ce in taka. Saura ƙiris in sha ƙasa.

"Wannan na falo ne, 'yar uwa," ta ce tana dariya. "Garin nan bango ma gumi yake yi."

Daga nan na shiga tankaɗe da rairaya. Katako na gani a gidan maƙwabta ya yi baƙi saboda laima, na fasa. Ciyawar roba 'yata ta so, amma na shinshina wadda ta kwana da ruwa na ji wari. Jan bulo gansakuka yake kamawa. Intalok kuwa ya tuna mini da harabar gidan mai, ban so shi a inda zan shimfiɗa tabarma ba. Kowane shago na shiga sai na karɓo ɗan guntu, na jera su a gindin katanga ina duba yadda rana da ruwa suke yi da su.

Can na samu abin da raina ya kwanta da shi. Wani dutse ne mai ruwan toka, fuskarsa da ɗan kaushi, ba ya santsi, ba ya ƙona tafin ƙafa, yana bushewa da wuri. Na ce wa mai shagon shi nake so. Ya girgiza kai ya ce, "Meyo," wato babu. Sai an sake yankowa. Ya nuna mini wani mai kama da shi, ya ɗan fi duhu, na ƙi. Na ce zan jira. Aka yi ta sa mini rana ana ɗagawa.

Ana cikin haka Innata ta zo. Gwiwa ke damunta, maigida ya nema mata izinin shigowa don ta ga likita. Lokacin damina ne. Inna kuwa mace ce da ba ta san zaman ɗaki ba. A gida, a tsakar gida take sallah, a nan take tsintar shinkafa, a nan take karɓar baƙi. Washegarin isowarta ta ɗauki buta da darduma ta buɗe ƙofar baya, ta tsaya.

"Nan ne tsakar gidan da kike ba ni labari a waya?"

Na ce, "Nan ne, Inna. Dutse muke jira."

Ta dubi caɓin, ta dubi samfuran da na jera, ta koma ciki ta yi alwala a banɗaki.

Maigida ya kawo katakan ɗaure kaya daga sito ya shimfiɗa, ko za ta samu wurin zama. Sau ɗaya ta gwada, sandarta ta zame tsakanin katako ta nutse, na taro ta da kyar. Likita ya riga ya ja mana kunne kada ta faɗi. Zuba siminti kuma ya wuce, ruwa ba ya ɗaukewa balle ya bushe. Sai muka ajiye mata kujera a bakin ƙofar kicin. Nan take wuni, ƙafafunta a ciki, fuskarta a waje, tana jan carbi. In jirgi ya tashi ta saman gidan sai ta ɗaga kai ta ce, "Wannan na gida ne?"

Wata rana da hantsi ta ce in miƙo mata guntayen nan ta gani. Ta riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan mai ruwan tokar ta ajiye shi ƙasa, ta goga dugadugi a kai.

"Wannan kam zai fid da kaushi," ta ce. "Kin iya zaɓe. In kin shimfiɗa sai in dawo in zauna."

Na ji daɗin maganar har cikin raina. A lokacin ban ga wani abu da zai hana ta dawowa ba.

Dutsen ya iso bayan mun raka ta filin jirgi da 'yan makonni. Masu aiki suka daidaita ƙasa, suka zuba tsakuwa da yashi, suka jera shi da ɗan gangare. Ya fito yadda na so, har ya fi. Na kira Inna ta bidiyo ina zagayawa da wayar.

"Masha Allah," ta ce. "Juya in ga inda ruwa yake fita."

Na nuna mata rariyar. Ta ce yanzu ta yarda an yi aiki.

Ba ta dawo ba. Shekarar farko gwiwar ta hana, ta biyu takardar izinin shigowa ba ta fito ba, daga nan jiki ya yi nauyi. Maigida bai taɓa ɗago mini zancen siminti ba, ko da wasa. Ni ce nake yi wa kaina lissafin. Da na bar shi ya zuba a makon da muka tare, da ta samu inda za ta miƙe ƙafa ta sha iska duk zaman da ta yi, dutse kuma ya zo daga baya a ɗora a kai.

Da na dawo daga Kano bayan rasuwarta, matan unguwa suka zo mini ta'aziyya, 'yan Kano da 'yan Damagaram da ƙawata ta Kumasi. Falo ya yi mana kaɗan, muka fita waje muka shimfiɗa tabarmi. An yi yayyafi da safe, amma wurin ya bushe sarai. Aka yi addu'a aka shafa. Da za su tashi, wata da ban sani ba sosai ta shafa ƙasan da hannu, ta matso kusa da ni a kunyace, ta ce tana gini a gida, ko zan gaya mata inda ake samun irin wannan.

Na kwatanta mata shagon. Na ce in mai shagon ya ce babu, ta karɓi mai duhun.