Ƙasar Sawun Auta

Duk sanda jirgin sama ya ratsa ta saman gidan nan na Garki, sai in ajiye abin da ke hannuna in kasa kunne. Babbar 'yata, wadda nake zaune wurinta, takan ce, "Inna, na Legas ne fa." To, na ji. Amma kunne ba ya tambayar inda jirgi ya fito.

Bari in gaya muku. Muna yara, tun nan wurin yana gonakin doya da dawa, tun ba a yi mafarkin gwamnati za ta kwaso kujerarta ta kawo mana ba, mahaifina yakan kora jakuna zuwa Zariya da an gama girbi. Kwana da kwanaki, a ƙasa. Ranar tafiya kakata takan raka shi har bakin rafi. In ya tsallaka, sai ta durƙusa ta ɗebi ƙasar sawunsa na ƙarshe, ta ƙulle a tsumma, ta soke a jinkar ɗakinta. "Ƙafa tana bin ƙasarta," in ji ta. Kafin ruwan fari kuwa sai mu ji kukan jakuna, ga shi tafe da kanwa da gishiri, duga-dugansa duk faso.

Shekarar da gwamnati ta tare, autana ya samu tafiya Landan karatu. Na tambaye shi kwana nawa ne. Ya yi dariya. "Inna, awa shida da 'yan kai. In na tashi da hantsi, kina la'asar na sauka." Na ce, ashe ma bai kai Zariya ba.

Na yagi tsumma daga tsohon zanena. Ranar tafiyarsa an yi yayyafi, a ƙofar gida sawun takalminsa ya fito ɓaro-ɓaro. Na dubi sawun, na ce a'a, na ƙarshe ake ɗiba. Na bi yaron filin jirgi.

Can kuwa babu ƙasa. Daɓe ne mai santsi kamar tangaran, wani mutum yana ta bin sa yana gogewa. Yaron ya durƙusa, na sa masa albarka, ya shige wata ƙofar gilashi. Na sunkuya ina shafa inda ya taka. Wani mai kaki ya ce, "Mama, wani abu ne ya faɗi?" Na ce babu.

Kafin in koma gida, ruwa ya sauko ya wanke sawun ƙofar gidan tas.

Yau 'ya'yansa suna gaishe ni ta waya da Hausar da ba ta nuna ba. Shi kuma kullum, "Baɗi, Inna, in Allah ya so." Idona ya fara dushewa, gwiwa ta ƙi. 'Yata ta ce har yanzu awa shidan ce, ba a ƙara ko taku ba. Ni dai na san tafiyar jaki tana ƙarewa. Tsumman yana nan ƙarƙashin matashina, ban ƙulle komai a ciki ba.