Amsar da Ban Ba Khala Zubaidatu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A safiyar Talata, tara ga watan Safar 1446, Allah Ya karɓi ran Khala Zubaidatu a gidan ƙaninta Abdulilah da ke unguwar Tandabawi a Makka. Bayan la'asar aka sallace ta a Harami. Ina cikin sahu, amma na kasa haɗa ido da kowa daga danginta.

Khala, a Tandabawi aka haife ki, aure ya kai ki Ingila. Da mijinki ya rasu, kika yi shekara goma sha ɗaya kina aikin girki a wata makarantar 'ya'yan Yahudawa. Ba ki taɓa ɓoye wannan ba. Kina ba mu labarin yadda suke raba tukwanen nama da na madara, har ki yi dariya ki ce sun fi ki tsantseni. Kin ce sun ware miki ɗakin salla. Abin da ya fi zama miki a rai shi ne yadda kowane mako ɗalibai ke kai wa tsofaffin unguwa abinci, kuma ba a yarda yaro ya dawo hannu rabbana ba. Sai tsohon ya ba shi labari ko ya koya masa wani abu, don kada mai karɓa ya ji shi abin tausayi ne.

Da kika dawo Makka, kika kawo wannan tsari ƙaramar makarantar da 'yan uwanmu Hausawa suka buɗe, inda nake koyar da nahawu tun zuwana karatu daga Sakkwato. Kowace Alhamis yara su ɗauki tuwo da miyar kuka su bi lungunan unguwar Misfala su kai wa tsofaffi. Yaran da Larabci ya cinye musu baki suka fara gaisuwa da Hausa. Baba Hashimu, makahon da ya yi shekara arba'in yana aikin tantuna a Arfa, ya koya musu ɗaurin igiya iri bakwai. Inna Shatu ta koya wa 'yan mata dama fura, tana yi tana zagin hannunsu.

Ni kuwa a ranar Alhamis ɗin nake ƙarin darasi, ajina ya koma daga ni sai allo. Abin da ya ci ni ke nan, babu wani abu bayansa. A taron iyaye na miƙe, na gyara gutrar da na yafa a kaina, na ce, “Kafin ku sake tura 'ya'yanku, ku tambaye ta a wurin su wa ta koyo.” Ban yi ƙarya ba, amma na san inda na jefa maganar. Cikin mako biyu iyaye suka janye yaransu. Wata uwa ta mayar miki da kwanonki ba ta ko buɗe ba. Matan da kuka taso tare suka riƙa kiranki da sunan da ba zan rubuta a nan ba.

Ba ki daina ba. Ke kaɗai kike hawa tudun Misfala da ciwon gwiwa, kwano a hannu, ki zauna Baba Hashimu ya koya miki ɗaurin igiyar da ba za ki taɓa amfani da shi ba. Na sha hango ki, in canza hanya.

Sau ɗaya kika tare ni a ƙofar makaranta. Ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, “Ya Ustaz Ubaidullah, kai ne mai karatu. Ka ga haram a ciki? In ka gani, gaya min, wallah halas, shi ke nan, na bari.”

Na ce zan duba.

Shekara uku ke nan. Babu abin da zan duba, Khala, tun a ranar na san amsar. Ciyar da tsoho da ziyartarsa da koyar da yaro ladabi abu ne da addininmu ya hore mu da shi, kuma ganin da kika yi wa wasu suna yi bai mayar da shi laifi ba. Girman kai ne ya hana ni faɗa, na yi ta cewa sai an samu lokaci.

A gaban jama'a na ɓata ki, don haka a gabansu nake janyewa. Iyayen yara, ni na ɓatar da ku. Duk wanda ya ƙaurace mata saboda maganata, alhakin yana wuyana. Na karanta wa Abdulilah wannan takarda kafin in fitar da ita. Da na gama, ya ce, “Ta jira ka, ya Ustaz.” Bai ce ya yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙonsa ba.

Allah Ya jiƙanki, Khala Zubaidatu, Ya yalwata kabarinki, Ya sa kowane taku da kika yi a tudun Misfala ya zama haske gare ki. Allah Ya ba Abdulilah da 'yarki Dalal da sauran dangi haƙurin rashinki. Ni kuma ku sa ni a addu'a, domin wadda ya kamata in nemi gafararta ta riga ta tafi.