Baba da Tsofaffin Masu Jita

Shekarar da gwiwar Baba ta fara ƙin hawa bene, 'yan'uwana suka yi taro a Kano, suka yanke cewa zuwansa Guangzhou ya isa haka. Ni aka ɗora wa faɗa masa, wai don ni ne mai raka shi. Gaskiyar magana ita ce ni kaɗai ne ban halarci taron ba.

Muka sauka unguwar Xiaobei a Guangzhou, maganar tana maƙale a wuyana kamar ƙayar kifi. Kullum sai na shirya ta tsaf, sai in ga yadda yake tafe a titin Huanshi Lu, babbar riga tana shan iska, masu kago, wato masu tura wa 'yan kasuwa kaya gida, suna ta gaishe shi, sai in haɗiye abata. Tsoronsa nake ji, amma tausayinsa ya fi yawa. In aka raba mutumin nan da fataucin sifiku, wato lasifika, ban san me ya rage masa ba.

Akwai wani ɗan China da Baba ya daɗe yana sari a wurinsa, laoban muke ce masa, wato maigida. Da abu ɗaya yake gwada kowace sifika: bidiyon wasan wasu tsofaffin Turawa masu kiɗan rok. Baba ya sha roƙonsa ya nemo ƙira'a, tunda rabin kayan masallatai za su, amsar kullum meyo ce, babu. A ganin laoban sifikar da ta jure waɗannan tsofaffi, ladan ba zai gagare ta ba.

Ran nan laoban ya kunna bidiyon. Ga su nan, furfura har kafaɗa, wando ya matse kowa. Babbansu, fuska duk ta yamushe, yana rataye da jita yana tsalle yana murguɗa ƙugu, jama'a cike da fili suna ihu. Bakina ya riga hankalina, na ce su waɗannan ba su da 'ya'yan da za su zaunar da su a gida ne?

Baba bai kalle ni ba. Ya tambayi laoban shekarun mai tsallen. Laoban ya buga a kalkuleta ya miƙo, Baba da ya saba har ya kai hannu zai rage kamar farashi. Tsohon ya girmi Baba nesa ba kusa ba.

"Ashe saƙon da aka ba ka ke nan," in ji Baba. "Tun daga filin jirgi nake jira ka sauke shi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Shi kuwa ya ce a mayar da bidiyon baya. Ya sa tabarau, ya matsa gaban talabijin yana dubawa yadda yake duba bayan sifika in yana zargin jabu ce. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗora yatsa a wani lungu. Can baya, inda fitila ba ta kaiwa, akwai wani mai baƙin gashi, kai a sunkuye, yatsunsa suna ta aiki a kan tasa jitar. Tsohon gaba kuwa hannayensa biyu suna sama yana gaida jama'a, kuma kiɗan bai tsaya ba.

"Ka gani? Wancan ne mai kiɗan. Tsohon ratayawa kawai ya yi."

Ya turo mini kalkuletar, ya ja kujera zuwa bakin shago, ya sa laoban ya zuba masa shayi.

"Yi cinikin, kuma kai za ka bi kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha. Ka gaya wa 'yan'uwanka na bar muku kiɗan. Amma kada wanda ya ce in sauka daga dandamali."