Tabar caji a jinkar rumbun Baba

Jama'a, yau da hannuna na ƙone hatsin gidanmu.

Kun san tabar nan mai caji da aka kawo mini daga Kano don in bar sigari. Ta burge ni, ana ƙara mata ƙarfi ana ragewa. Da batirinta ya mutu, mai gyaran salula a kasuwar Dungas ya ce sai an aiko nata. Na ƙi jira. Na ce ya ciro na tsohuwar fitila, ai girmansu ɗaya.

Ya ce, "Malam, rigar batirin nan ta yage, ba zai ɗauki wutar ba."

Ban ji ba, na sa ya saka shi. A gida na murɗa ƙarfinta har ƙarshe, ta yi zafi. Sai ga Baba, wanda bai san ina sha ba. Na cusa ta a jinkar rumbu, na bi shi masallaci.

Muna fitowa sai hayaƙi! Geron bana duka ya tafi.

Baba ya juya kan Inna: "Sau nawa na ce ki janye murhunki?"

Tana kuka ta ce, "Malam, yau ko hura shi ban yi ba."

Na tono ƙonanniyar tabar daga toka, na ajiye gabansa, na ce tawa ce.

Bai dube ni ba. Inna ya roƙa ta yafe masa.