Ranar da Malama Tazara Ta Koma Aji

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Malama Tazara, don duk wanda ya shigo sashen lissafi na jami'ar, a bakinta yake fara jin cewa nisa ba sai da igiyar awo ake sanin sa ba. Takan ce, "Ku ba ni tarin ɗigo da ƙa'idar auna tazarar kowane biyu. In ƙa'idar ta cika sharaɗi uku, mun samu filin aiki." 'Yar direban babbar mota ce, ta tashi tana jin babanta da abokansa suna musu kan wace hanya ta fi kusa, har musun ya zame mata sana'a.

Wani hutu tana shanya a tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi. Hannun dama ya shanye, kalmomi kuma suka riƙa ɓace mata. Ta san abu sarai, amma sunansa ya ƙi zuwa. Maigidanta ya kafa mata allo a baranda, ta koyi rubutu da hagu. Yakan leƙa ya ce, "Wallahi ya fi na likitanki kyau."

Da ta ce za ta koma aiki, shugaban sashe, wanda tsohon ɗalibinta ne, ya kasa haɗa ido da ita. "Malama, ba ni ba ne, daga sama aka ce sai an gwada ki a aji. Zan zauna a baya in saurara. In abin ya gagara..." Bai ƙarasa ba.

Ajin ya cika maƙil. Ta jingina sandarta da tebur, ta ɗiga ɗigo biyu a allo.

"Sharaɗi na farko. Tazara ba ta yin ƙasa da sifili. Ba ta zama sifili sai in... wuri ɗaya ne." Ta nuna ɗigon biyu da alli. "Na biyu. Zuwa da dawowa, daidai suke."

Ta ƙara ɗigo na uku, ta juyo. "Na uku..."

Maganar tana nan a kanta, harshe ya ƙi ɗauka. Ta sake buɗe baki, ba abin da ya fito. Allin ya karye a hannunta. Sai ƙarar fanka kake ji, ga shugaban can baya ya sunkuyar da kai. Gumi ya gangaro mata ta ƙarƙashin ɗankwali.

Ta ɗauki sandar. Ta ja ƙafa zuwa ƙofa, daga nan ta miƙe sak har taga. Ta dawo ƙofa, wannan karon ta biya ta tebur kafin ta kai tagar. Ta tsaya tana haki, ta nuna ɗaliban da sanda.

Wata ɗaliba a layin gaba ta ce a hankali, "In an biya ta wuri na uku, hanya ba ta raguwa."

"Rubuta," in ji Malama.

Kafin ta zauna, wani ɗalibi ya ɗaga hannu. "Malama, titin gidanmu ba a dawowa ta cikinsa, sai an zagaya. Zuwa kasuwa kusa ne, dawowa da nisa. Wannan fa?"

Ta juyo gare shi. "Na biyu ya faɗi," ta ce. "Ba filin aikinmu ba ne. Ka... ka tashi daga unguwar."

Dariya ta ɓarke, har da shugaban.

Duk da haka bai mayar mata da duk darussanta ba. A ofis ya ce ajin 'yan shekarar farko kawai za ta riƙe, a haɗa ta da ƙaramin malami mai yi mata rubutu. Sauran darussan an riga an raba wa wasu. Ta so ta yi gardama, ta ga ba ta da ƙarfin jera kalmomin.

Maigidanta na jiran ta a mota. "Yaya, Hajiya?"

"Aji ɗaya suka bar min."

Ya ɗaura mata bel, ya karkaɗe garin allin da ke hannun rigarta, ya tada mota.