Yaɗiyar Bangon Maƙabarta

A layinmu na Goron Dutse, in yaro ya kwana da zazzaɓi, uwarsa gidan Inna Baraka take fara leƙawa kafin a yi maganar asibiti. Ni Asibi, katanga ɗaya ce tsakanina da ita, don haka hayaƙin sabarar da take dafa wa masu jego ya gama shiga zannuwana tun ina amarya.

Iyayenta Fulani ne da shanu suka ƙare musu, suka zauna cikin birni. Abin da ta gada wajen uwarta shi ne sanin ganye. Ta san inda tafasa ke fara tsirowa in ruwa ya sauka, ta san rai-ɗore na zazzaɓi, ta san lalon da zai yi yauƙi tun kafin a tsinke shi. Tana da ƙa'idoji biyu da muke mata tsiya a kansu. Ba ta taɓa tsiro sai ta yi masa sallama ta zuba masa ɗan gero a gindi. Kuma abin da ya fito a maƙabarta, ko yunwa za ta kashe ta, ba ta ci, ba ta ba wani.

Nakan ce mata, "Inna, yau tafasar ta amsa sallamar kuwa?"

Sai ta harare ni. "Ta fi ki ladabi dai."

Sannu a hankali birni ya cinye mata wuraren tsinka. Aka cike kududdufai aka dasa shaguna, jikin badala ya koma gidaje. Wurin da ya rage kore shar a unguwar shi ne maƙabarta. A bangonta na gabas akwai wata yaɗiya da ta hauro daga ciki, ta zubo ganyenta har bakin hanya, awaki na miƙewa suna figa.

A wata bazara mai zafin gaske aka dawo da 'yarta Zubaida gida daga asibiti. Ciwon hanta ne, likitoci sun yi iya yinsu. Komai aka kai bakinta sai ta kau da kai. Wata safiya ina zaune a ɗakin ta buɗe ido ta ce, "Inna, kwaɗon yaɗiya nake so. Irin wanda kike mana da ƙuli-ƙuli."

Inna ta miƙe kamar yarinya, ta suri ƙwarya. Na bi ta har bangon maƙabarta, na nuna mata ganyen, ga shi nan daidai kafaɗarta.

"Ki tsinka mana. Ai a waje yake, a kan titi."

"Ganyen ne a waje. Saiwar fa? Kin san kan wa ta fito?"

"Inna, don girman Allah. Yarinyar nan rabonta da abinci kin fi ni sani."

Wallahi na ga hannunta ya ɗaga, har yatsunta sun taɓa ganyen. Sai ta janye, ta goge su a zani. Ta ce ba za ta sa wa 'yarta mai rai abincin matattu a ciki ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na juyo na bar ta a tsaye.

Ta zaga kasuwa, masu ganye suka ce sai busasshe. Ta hau adaidaita ta fita ta Ƙofar Kabuga, zuwa wani fili da take tsinka a da. Ta tarar da gidaje masu dogayen katangu da maigadi. Ta ci gaba a ƙasa cikin ranar nan, tana tambayar manoma, har ta samu yaɗiya a jikin wani shinge. Ta yi sallama, ta zuba gero, ta cika ƙwarya. Wayarta kuwa tana gida a kan taga, don ba ta fita tsinka da ita.

Zubaida ta cika da hantsi. Aka baza mutane neman Inna, ba wanda ya san inda ta nufa. Maza suka jira har la'asar, zafi ya yi yawa, liman ya ce a kai ta. Ta gefen bangon nan aka wuce da makarar.

Rana ta kusa faɗuwa Inna ta shigo layi da ƙwarya a ka, ƙafafunta fari fat da ƙura. Ta ga tabarmi a ƙofar gida, ta ga maza sun sunkuyar da kai. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta shiga ta zauna, ta hau gyaran ganyen tana cire kara, har sai da na karɓe ƙwaryar daga cinyarta.

Yanzu shekaru sun ja. Tana nan tana ba masu jego sabara, in an kawo mata daga ƙauye. Amma na daina yi mata tsiyar sallama, domin duk safiyar Juma'a sai ta je bangon nan. Mata ba sa shiga, don haka a waje take tsayawa. An nuna mata cewa kabarin Zubaida yana kusa da bangon daga ciki. Takan yi sallama, ta zuba gero, sannan ta karkata kai tana saurare. Wannan sauraron ne ke tayar mini da tsigar jiki.

Juma'ar da ta wuce na raka ta. Yaɗiyar ta ƙara kauri, ta rufe rabin bangon. Inna ta daɗe tana shafa wani ganye da babban yatsa.

Na ce, "Mu tafi, Inna, rana ta yi."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ran nan na tambaye ki kan wa ta fito, Asibi, kika kasa ba ni amsa. To yanzu na sani."