Duwatsun Baba Abednego Ba Na Kabari Ba Ne

Ranar Talata, 10 ga watan Yuni, 2025, Ubangiji ya kira bawansa Baba Abednego, mutumin Fadan Kagoma, tsohon malamin zanen gini, wanda ya tsara mana Kasuwar Bayan Layi a nan Kafanchan. A tsakiyar kasuwar da ya zana da hannunsa ya faɗi. Ni, Afiniki mai citta, ina wurin, saboda haka kada wani ya zo ya gyara mini labari.

Baba, ranar jana'izarka kowa ya yi magana mai daɗi. Ni ba a ba ni lasifika ba, kuma sun san dalili. To, ga takarda, ga biro.

Lokacin da aka ba mu wannan wuri, ciyawa ce kawai da gidan tururuwa. Ka zo da igiya da turaku, kana ja, kana bugawa, kana yi mana labarin mutanen Girka na dā. Yawancinmu ba mu san inda Girka take ba. Bridget mai kifi ta ɗauka wani ƙauye ne bayan Manchok. Ka zauna a kan buhun cittana ka yi mana bayani. Ka ce tun kafin haihuwar Almasihu mutanen nan suka tsara garuruwa irin su Miletus, tituna miƙaƙƙu suna gitta juna kamar gidan dara. A tsakiyar gari sai su bar fili, su ce masa agora. Nan ake ciniki, nan ake jin labari, nan ake gardama, kuma ba mai ikon cewa nasa ne. A gefensa akwai doguwar rumfa mai ginshiƙai, mai kuɗi da mai tsumma duk su sha inuwa. Ka ce ko bishara da ta isa Atina, a irin wannan fili aka tsaya aka yi ta. Da jin haka matan zumunta na ikilisiya suka ce shi ke nan, a bar fili.

Aka bar shi. Ka ɗauko duwatsu huɗu daga gonarka, ka sa aka sassaƙa rubutu a jikin kowanne: NI NE IYAKAR FILI. Ka ce a Atina ma an tono duwatsu masu irin wannan magana. Muka yi ta dariya, wai dutse yana magana. Ka kafa su a kusurwa huɗu.

A filin nan manoman Fadan Kaje suke sauke kaya kafin dillalai su rufe su. A nan tsofaffin da ba su da shago suke shimfiɗa buhu su kasa yakuwa da gauta, ba wanda zai ce su tashi. A nan muke sulhu, a nan muke addu'ar safe. Kwamitin kasuwa ya ba ka shago kyauta a bakin ƙofa, ka ce a ba Zipora da mijinta ya mutu ya bar ta da yara. Da ni ce, da na karɓa, kuma na gaya maka haka a fuskarka. Gwauraye nawa ka zana wa gida ba ka karɓi ko ruwan sanyi ba? Kuma ba ka rasa abin dariya. Ka ce mini ginshiƙan Girka suna da ɗan tumbi a tsakiya don ido ya ga kamar suna ɗauke da nauyi. Na ce, to Gregory, Ciyaman ɗin kasuwarmu, shi ma yana da tumbi, me yake ɗauke da shi? Ka yi dariya har ka ƙware da kunu.

Sai halin kasuwa ya fara aikinsa. Wanda bai san mu ba ya saurara. Ba ma cin hanya rana ɗaya. Yau a turo tebur gaba kaɗan. Damina ta zo, a kafa lema a kan tebur. Iska ta yaga lema, a sa kwano. Ɓarayi su taɓa kaya, a ja bulo. Kafin ka farga, layin da ka auna don motoci biyu su wuce juna ya koma inda ni da Bridget sai mun juya gefe. Ciyaman, wanda ya kamata ya tsawata, shi ne ya fara ajiye wa ƙaninsa kwantena a babban layi. Kai kuma kana zuwa da awonka kana roƙo, suna kiranka Baba Girka a bayan idonka. Fili kaɗai ya tsira, domin duwatsunka suna nan, kai ma kana nan.

Ranar da ka faɗi, Rufus direba ya kawo motarsa da gudu har bakin ƙofa. Mota ta kasa shiga. A baron tumatir muka ɗora ka, Baba. Mutumin da ya koyar da rabin maginan garin nan, a baron tumatir, ƙafafunka suna jan laka. Da muka iso kwantenan ƙanin Ciyaman baro ma ya maƙale, sai da aka ɗaga ka sama kamar kaya. Likita ya ce hawan jini ne. Ni ba likita ba ce. Amma na san faɗin layin da ka zana, na kuma san faɗin wanda muka bi da kai.

Wannan duk na haɗiye shi. Abin da ya sa ni rubutu shi ne na ranar binnewa. Bayan fasto ya gama, sai ga Ciyaman da motar a-kori-kura, a bayanta duwatsunka huɗu, an shafa musu farin fenti. Ya goge ido ya ce, "Babanmu ya ƙaunaci duwatsun nan. Bari su raka shi." Aka jera su kewaye da kabarinka yadda muka saba yi wa manya. Mutane suka tafa. Mama Scholastica, matarka, tana kuka tana yi masa godiya.

Ba a kai ƙarshen mako ba aka jibge yashi a tsakiyar fili. Aka kafa allo: Abednego Filaza, shaguna bene da ƙasa.

Na same shi a ofis na ce, "Ciyaman, filin fa?"

Ya ce, "Wane fili, Maman Citta? Nuna mini iyakarsa." Ya yi murmushi. "Ai karrama shi za mu yi. Har ginshiƙai irin na Girka za mu sa a gaba, na filasta, farare tas."

Na ce, "Kai ko tsoron Allah ba ka ji? Ka saci kayan mutum, ka kai masa kabari, ka sa matarsa ta gode maka?"

Na shekara talatin a kasuwa. Na ga mai jiƙa citta don ta yi nauyi, na ga mai buga gindin mudu. Ban taɓa ganin ciniki irin wannan ba.

Jiya na je Fadan Kagoma na gaya wa Mama Scholastica komai. Ta kalli kabarin, ta ce, "'Yata, mijina bai taɓa cewa a tsare masa kabari ba. Ya san inda za shi. Ku kwashe su." Saboda haka, Baba, ka yi haƙuri, ranar Asabar za mu zo mu dame ka. Matan zumunta sun yarda, Rufus ya ba da mota. Daga ƙofar kasuwa kuwa da gammo za mu shigar da su, da rana tsaka, da waƙa. Ramukan suna nan, ruwan sama ya cika su, na kuma kafa wa kowanne sanda. Duk mai son ya sake tumɓuke dutse, sai ya fara ɗaga macen da ke zaune a kai.

Ubangiji ya ji ƙanka, Baba Abednego. Ya karɓe ka cikin birninsa, ya ba ka hutu har ranar tashin matattu. Mama Scholastica, da 'ya'yanki Asher da Peculiar, da dukan dangi da ikilisiya a Fadan Kagoma, Allah ya ta'azantar da ku, ya share muku hawaye, ya tsaya muku a inda Baba yake tsayawa. Mu kuma da za mu ɗauki duwatsu ranar Asabar, ya ba mu ƙarfin wuya. Amin.